Shekarar da Na Cike Rijiyar Baba

'Ya'yana, na san kun ji. Babu wanda ya taso a unguwarmu bai ji ana ce wa gidanmu gidan Kashe-Rijiya ba, kuma na san akwai waɗanda suka yi dambe a cikinku saboda wannan suna. Ban taɓa zaunar da ku na faɗa muku yadda aka yi ba. Lokacin da kakarku take da rai bakina ba zai iya ba, bayan ta rasu kuma sai na ga kamar tone-tone ne. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, kuma masu ba da labarin nan a bakin kasuwa babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Ni na sauka, saboda haka gara ku ji daga bakina.

Rijiyar, kakanku ne ya haƙa ta da hannunsa, tun ina cikin mahaifiyata, a ƙauyenmu da ke gabas da Gaya kan hanyar Ajingi. A cikin gida ya haƙa ta, kusa da ɗakin Inna kakarku, ya kuma yanke danga ya yi wata 'yar ƙofa don matan unguwa su riƙa shigowa ba sai sun bi ta zaure ba. Bai haƙa don kansa ba. Sadaka ce mai gudana, kowane guga aka ja lada ne, yana raye ko yana kabari. Da ciwon ajali ya kama shi, ya tara mu, ni da ƙanena Sabo da Baffa Ɗanjuma, wato ƙanen Baba da ke zaune a Ajingi. Bai yi maganar gona ba, bai yi maganar tumaki ba. Abin da ya ce kawai shi ne kada mu hana kowa ruwa. Muka ce mun ji. Inna tana bakin ƙofa, ita ma ta ji.

Akwai wata al'ada da muke yi da rijiyar nan kowace bazara. Idan ruwa ya ja baya, sai a yashe ta, wato mutum ya sauka ya riƙa cika kwando da abin da ya taru a gindi ana jawowa sama. Sauran rijiyoyi baƙar laka suke fitarwa mai wari. Tamu kuwa farin rairayi take bayarwa, mai laushi kamar garin tuwo, kuma ba ya ƙarewa. Ranar yasa ranar biki ce a unguwa. Mata su zo da ƙore, kowace ta ɗiba ta je ta shimfiɗa a ɗakinta, a kai wa masallaci nasa, amare a aika musu. Inna ita ke rabo, kuma nata ɗakin ya fi na kowa samu, har ƙafa takan nutse idan ka shiga. Ana cewa albarkar Baba ce, bana ka kwashe, baɗi ka tarar da wani ya taru. Tun ina yaro nake ganin haka, kuma da ni da duk masu wayon unguwar babu wanda ya taɓa tambayar daga ina rairayin nan yake zuwa.

Sai aka shiga shekarun fari, daidai lokacin da fam da sule suka tafi naira ta zo. Damina ta yi ƙaranci, gyaɗa ta ƙi, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Rijiyoyin unguwa suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, aka bar tamu ita kaɗai tana ɗan tsatsafowa. Tun hantsi har la'asar tsakar gidanmu cike yake da mata da tuluna, Fulanin rugar Arɗo Buba kuma suna tsaye bayan danga da 'yan maruƙansu suna jiran a miƙo musu. Da ruwan ya ja baya fiye da yadda aka taɓa gani, na ce bari in sauka in yashe ta da kaina, ko idon ruwan ya buɗe. Sabo da maƙwabta biyu suka riƙe igiya.

A sauran shekaru, mai yasa a cikin ruwa yake aiki har ƙirji, ba ya ganin abin da ke ƙasa. A wannan shekara ruwan bai wuce idon sawu ba. Da ƙafata ta taɓa ƙasa na juya, sai na ga bangon gabas babu shi. Baki ne a buɗe, baƙi ƙirin, wanda mutum zai shiga da rarrafe. Na yi kira aka zuro mini fitila, na ce su saki igiya, na shiga. Ina tsammanin ɗan lungu ne, ashe ɗaki ne. Da na yi ɗan nisa sai na ga ina iya tsugunawa, can gaba kuma na miƙe tsaye kaina bai taɓa komai ba. Bangon sumul yake, layi-layi, kowane layi alamar inda ruwan wata damina ya tsaya. A ƙasa ga ɗan siririn ruwa yana gangarowa daga ƙuryar kogon zuwa gindin rijiya, kuma da na kai fitila kusa na ga yana tafe da farin rairayi, ƙwaya-ƙwaya, ba ya hutawa.

A nan na tsuguna na fahimci abin da muka yi wa kanmu. Ƙasar wajenmu hawa-hawa ce: jar ƙasa a sama, sai marmara mai tauri, sai rairayi a ƙarƙashi inda ruwa yake bi. Da damina ruwa ya hau ya jiƙa bango, da rani ya sauka ya janyo abin da ya jiƙa zuwa gindin rijiya. Da an bar shi a nan, da ya toshe wa kansa hanya. To amma mu masu ƙoƙari, kowace shekara sai mu zo mu share masa wuri, mu ce bismilla, ƙara. Idan ƙasa ta zaizaye, abin da ke sama ba shi da abin dogara, sai ya ɓanɓaro ya faɗo, ruwa ya niƙe shi, mu kuma mu kwashe. Haka kogon ya riƙa faɗi yana kuma hawa sama, yana bin hanyar da idon ruwa ya fito. Na ɗaga fitila na ga har ya cinye rairayin ya kai ga marmara, marmarar ma ta tsage, ga saiwoyi suna reto ta cikin tsagar. Ceɗiya ɗaya ce a gidanmu, kuma a ƙofar ɗakin Inna take.

Ina cikin kallon nan sai na ji dum, dum, daga sama. Na san wannan sautin tun kafin in san sunana. Inna ce take daka a ƙofar ɗakinta, ita da matata Hansatu, uwarku, suna lugude. Kowace taɓarya ta sauka sai ƙasa ta zubo mini a fuska. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ba don kaina ba. Uwata ce a tsaye a kan ɓawon ƙasa, da ita da duk matan da ke layin ɗiban ruwa, kuma rairayin da take taƙama da shi a ɗakinta daga ƙarƙashin ɗakin muke ɗebo mata shi.

Da na fito ban ko wanke jiki ba na nufi ɗakinta. Kun san ni ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye sai ta wani. Na durƙusa a bakin ƙofa na faɗi abin da na gani, na ce dole ta tashi daga ɗakin, dole kuma a cike kogon kafin ruwan sama ya sauka, don in ruwa ya sake hawa ya jiƙa rufin nan, ba na jin zai ɗauka. Na ce matsalar ita ce idon ruwan a cikin kogon yake, in an cike shi rijiya ta mutu. Ta daɗe tana tankaɗe ba ta ɗago ba, sannan ta dubi Hansatu.

"Ki tambayi wancan, yana nan lokacin da mai gidan nan ya yi wasiyya, ko ya tafi kiwo?"

"Ina nan, Inna," na ce.

"To ki ce masa a ɗakin nan aka kai ni, a nan ubansa ya cika, a nan za a ɗauke ni. Rijiya kuwa ba tasa ba ce. Mai ita yana kwance yana cin ladanta. In yana so ya yanke wa ubansa ruwa a kabari, ga shi ga ta."

Maganar ta soke ni, har yau ina jin wurin. Amma na riga na ga abin da na gani, kuma ba a iya mayar da gani.

Ranar kasuwar Ajingi labari ya kai wa Baffa Ɗanjuma. Washegari sai ga shi a kan kekensa, ya ci babbar riga, gumi har gemu. Bai shiga ya gaida Inna ba sai da ya tara mai unguwa da liman da dattawa a zaure, aka kira ni kamar wanda ya saci akuya.

"Kai Haladu, ashe haukan da ake faɗa gaskiya ne? A shekarar da mutane ke haƙa gidan tururuwa neman hatsi, kai kuma rijiya za ka binne?"

"Baffa, rami ne a ƙarƙashin gidan. Ya fi zauren nan faɗi."

"Ka ji mini yaro! Shekara nawa muna taka wurin? Yau da ka zama mai gida ne ƙasa ta fara rami?"

"Ga igiya can, Baffa. Ni zan riƙe maka da hannuna. Ka sauka ka gani, in ka fito ka ce ƙarya nake, na bar maganar har abada."

Baffa ya gyara hula ya ce shi da girmansa ba zai shiga rami don yaro ya ce ba. Na juya ga sauran na ce to wa zai sauka? Kowa ya sami abin kallo a tabarma. Ban zarge su ba, amma na lura duk wanda ya fi ɗaga murya a ranar shi ya fi zama nesa da igiyar. Liman, Allah ya ji ƙansa, ya ce wasiyya abar girmamawa ce, rai ma abin girmamawa ne, wanda ya gani da ido shi zai amsa a gaban Allah. Wato dai ya miƙo mini kayana. Mai unguwa ya ce in jira bayan damina. Na ce damina ita ce abin da nake gudu. Baffa ya tashi ya kakkaɓe riga.

"In ka zuba ƙasa a rijiyar yayana, kada ka ƙara tako ƙofata."

"Allah ya huci zuciyarka, Baffa. Zan zuba."

Kada ku ɗauka ban nemi wata hanya ba. Na je Gaya wajen masu ɗaura rijiya da siminti, suka ce suna iya ɗaure bakin rijiya da bangonta, amma ba su da abin da zai tallafi rufin kogo. Na yi niyyar in fara haƙa sabuwa tukuna, in ta ba da ruwa sannan in rufe tsohuwa. Muka fara ni da Sabo a gefen gonarmu ta bayan gari, muka ci ƙasa har muka gaji, muka tarar da busasshen wuri. Ga hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma. A nan na san ba zan sami duka biyun ba. Na ce da matan unguwa kowace ta cika duk abin da take da shi, daga jibi babu ruwa a gidan nan. Wata tsohuwa, Gwaggo Dije, ta aje tulunta ta dube ni ta ce Allah ya isa. Na ce na ji, Gwaggo, amma ki matsa daga gindin ceɗiyar nan tukuna.

Aikin ba zuba ƙasa daga sama ba ne kamar yadda ake faɗa. Da haka na yi, da rijiyar ta cika kogon yana nan yadda yake. Sai da muka fasa marmara a bayan gari muka yi ta jigila da jaki, muka kwaɓa laka da ɗan ruwan da ya rage. Sabo yana zuro kwando, ni ina ciki ina ja da rarrafe har ƙurya, in jera dutse, in cusa laka, in daddanna da guntuwar taɓarya, in ja da baya kaɗan in sake jerawa, tun daga ƙasa har rufi. Ranar da na ɗora dutse a kan idon ruwan na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Ruwa ne mai sanyi, yana fitowa a hankali ta tsakanin yatsuna, ruwan da Baba ya tarar da hannunsa. Na ce Baba ka yafe mini, matarka ce a sama. Hansatu ta yi dabara ta janye turmi zuwa bayan rumbu, wai can ya fi inuwa. Inna kuwa ba ta tashi daga ɗakin ba ko na yini ɗaya. Haka muka yi ta yi, ina ƙarƙashinta tana samana.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ba a yafe mini ba, kuma ba na cewa ba su da hujja. Matan unguwa suka koma tafiya har fadama, su tona rami su jira ya tsatso, su dawo rana ta take, wuya ya sage. Akwai mai ciki a cikinsu, akwai masu goyo. Arɗo Buba, wanda ya yi zaman amana da Baba, ya rasa maruƙa, ya tattara rugarsa ya yi kudu bai yi mini sallama ba. In na shiga masallaci sai sahu ya riƙa yin faɗi a gefena. Sannan damina ta zo ta yi abin da ta ga dama, ruwan bai taka kara ya karya ba. Sai aka ce to ga shi nan, ina rushewar? Kogon da aka cike ba ya faɗawa, balle ya ba da shaida. Wataƙila da ya kai baɗi, wataƙila da ya kai shekara goma. Ni dai ban yarda in gwada da uwata ba.

Ban tsaya jiran a fahimce ni ba. Da gari ya waye ni da Sabo muna bayan gari da dagi da diga, mun koma wani wuri kusa da wata tsohuwar tsamiya. Tafin hannuna ya fashe ya warke ya sake fashewa. Masu wucewa suna cewa ga Kashe-Rijiya can yana haƙa wa kansa kabari, ni kuwa in ce sannunku da hanya. Da muka kai ga danshi sai da na sayar da tumakina na kawo mutanen Gaya suka ɗaure ta da siminti tun daga gindi, don kada ruwa ya sami bangon da zai ci. Na kuma kafa doka, wadda har yau kuke yi mini dariya a kanta: duk wanda ya ga farin rairayi a guga ya zo ya faɗa mini ko ina sallar nafila ne, da zarar na sallame. Ranar da ta kawo ruwa na tsaya a bakinta na ce jama'a su shaida, wannan rijiyar Baba ce, ladanta nasa ne, ni leburansa ne kawai. Mata suka dawo, har da Gwaggo Dije, ta ɗiba ba ta dube ni ba. Sunan dai bai goge ba. Baffa Ɗanjuma kuwa ya cika alkawarinsa, ban ƙara shiga gidansa ba sai ranar da na je ɗaukar gawarsa.

Gugan farko na cika ƙwarya na ba Hansatu ta kai wa Inna. Ta dawo da ita a cike.

"Ta ce ita ba ta san wannan rijiyar ba."

Kun tuna randar Inna da take daban, wadda ake hana ku sa moɗa a ciki? Kun tuna kullum da safe nakan ɗaura garwa a keke in tafi ƙauyen gaba, alhali ga rijiyarmu a bayan gari? To dalilin ke nan. Ta rantse ba za ta sha ruwan da aka musanya da na mijinta ba, ni kuma na ce ba za ta sha wahalar nemansa ba. Muka yi shekaru a haka, ita ba ta sauko ba, ni ban gaji ba. Taurin kan da kuke cewa ina da shi, yanzu kun san inda na ɗebo. A cikin shekarun nan ta ga haihuwar yawancinku, ta goya ku, ta yi muku wasan jika a ɗakin nan dai, a kan ƙasar da na daddanna da hannuna. Idan na ji dariyarku daga can, sai in ce ko wannan kaɗai aka ba ni, ban faɗi ba.

Sai da Inna ta tsufa ƙwarai Hansatu ta faɗa mini wani abu da ta riƙe. Ta ce duk lokacin aikin nan, da zarar an ɗaura mini igiya na sauka, Inna takan zauna a tsakiyar tabarma da carbi, ba ta motsi, ba ta taka ƙasa, ko buta ba ta yarda a dire da ƙarfi, har sai ta ji muryata a sama. Wai ita ce ba ta yarda akwai rami ba.

A ciwon Inna na ƙarshe, wata safiya na fito da keke zan ɗaura garwa, sai na ji muryarta daga ɗaki, a raunane.

"Hansatu, ki ce da wancan ya aje keken nan. Ya tsufa da wannan wahala. A kawo mini na bayan gari."

Ban aiki kowa ba. Na je da kaina na ja guga, na kawo a ƙwaryarta, na durƙusa a bakin ƙofa na miƙa wa Hansatu, ta tallafo kanta. Ta sha, ta huta, ta ƙara sha. Ta daɗe tana kallon ruwan da ya rage, sannan ta ce:

"Allah ya kai ladan kabarinsa."

Ni ko dubana ba ta yi ba. Na ce amin, na karɓi ƙwaryar na shanye sauran.